Yadda Ake Gyara Aikin Ofis da Amfani da Na'urori a Cibiyar Ba da Shawara a Legas

Matar da ta baro gidanta a Mile 12 tun da sanyin safiya, ta sauya danfo biyu kafin ta iso Agege domin ta ga mai ba da shawara kan matsalar aurenta, ba da ƙwarewar wanda zai saurare ta take fara auna cibiya ba. Daga teburin bakin ƙofa take farawa: ko an san da zuwanta, ko an ɗaga murya an kira sunanta a gaban jama'a, ko kuwa an bar ta awa biyu a kan benci ana laluben fayil ɗinta. Idan teburin nan ya kunyata ta, ba za ta sake dawowa ba, kuma ba za ta tsaya ta faɗi dalili ba.

Na shafe shekaru ina kula da ofishin wata ƙaramar cibiya a wannan yanki, inda ake sauraron ma'aurata, da matasan da suka faɗa shaye-shaye, da masu fama da damuwa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, ofishin irin wannan wuri abu biyu yake tsarewa, wato sirrin mutum da lokacinsa, kuma duk na'urar da ba ta taimaka wa ɗaya daga cikinsu ba asarar kuɗi ce. Batun sirrin ya fi nauyi a wurinmu saboda Hausawan Legas, duk da girman birnin, a tafin hannu ɗaya suke zaune. Na Agege da na Idi-Araba da na Obalende da na Alaba Rago suna haɗuwa a kasuwa, a masallacin Juma'a da gidan biki, don haka labarin da ya fita daga ofis da hantsi yana iya riga mai shi isa gida. Magana zarar bunu ce. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, kuma da gangan aka jinkirta batun sayen kwamfuta.

Mataki na 1: Bi sawun mutum ɗaya daga shigarsa zuwa fitarsa

Kafin a kashe ko kwabo, shugaban ofis ya ware mako guda ya zauna kusa da teburin karɓar baƙi da littafi a hannu, yana rubuta abin da ke faruwa da kowane mai neman shawara. Ya rubuta ƙarfe nawa ya shigo, wa ya tarbe shi, me aka tambaye shi kuma a gaban wa, minti nawa ya jira, hannu nawa fayil ɗinsa ya bi, kuma ina fayil ɗin ya kwana bayan an tashi aiki. Kada a gyara komai a wannan mako, domin da zarar ma'aikata suka ji ana kama laifi za su sauya hali na kwana biyu kawai. A ƙarshen mako a zauna da kowa, har da maigadi da mai shara, a karanta abin da aka gani ba tare da ambaton wanda ya yi kuskure ba. Galibi matsaloli uku ko huɗu ne za su yi ta maimaita kansu, kuma su ne aikin watannin farko.

Mataki na 2: Raba suna da labari

Wannan shi ne gyara mafi muhimmanci, kuma da takarda da biro ake fara shi. Duk wanda ya zo karon farko a ba shi lamba, misali shekarar zuwansa da lambarsa a jere, kamar 25-041. Daga nan sai a buɗe ma'ajiya biyu waɗanda ba sa haɗuwa. Ta farko rajista ce mai ɗauke da lamba, cikakken suna, lambar waya, unguwa, da sunan wanda za a kira idan wani abu ya taso. Wannan tana zama a durowa mai makulli, kuma mutum biyu kacal ke riƙe da makullin. Ta biyu ita ce fayil ɗin zama, inda mai ba da shawara ke rubuta abin da aka tattauna, kuma a bangonsa da cikinsa babu komai sai lambar. Idan fayil ya faɗi a hannun wanda bai dace ba, zai karanta labari amma ba zai san mai shi ba. Idan rajista ce ta faɗi, zai ga suna amma ba zai san abin da ya kawo mutumin ba.

A ja kunnen masu ba da shawara kan yadda suke rubutu a cikin fayil, domin lamba ba ta da amfani idan aka rubuta cewa mai labarin ita ce matar fitaccen dillalin shanun nan na kasuwa kaza. A rubuta "mijinta" ko "surukarta", a bar sunaye da laƙabi.

Wannan tsari ba ra'ayin ofis kaɗai ba ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiyar mutum, da addininsa, da rayuwarsa ta auratayya cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC, domin sa ido. Dokar ta ba mutum damar ganin abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara kuskure. Haka kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙoƙin masu wannan lalura. Saboda haka cibiya na buƙatar takardar amincewa, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta ta da Hausa da Turanci, ta faɗi irin bayanan da za a ajiye, da wanda zai iya ganinsu, da tsawon lokacin da za a riƙe su, da kuma iyakar sirrin, wato yanayin da ran mutum ko na wani yake cikin haɗari, ko ake cutar da yaro. Da yawa daga cikin dattawanmu da matanmu sun fi sakewa da ajami ko da sauraro, don haka a karanta musu takardar a cikin ɗaki, a ba su damar tambaya, sannan su sa hannu ko su dangwala yatsa. Miƙa wa tsohuwa takardar Turanci a ce "Inna, sa hannu nan" ba neman amincewa ba ne.

Mataki na 3: Gyara teburin karɓar baƙi

Babban littafin nan da ake ajiyewa a bakin ƙofa domin kowa ya rubuta sunansa da dalilin zuwansa, a ɗauke shi yau. Na taɓa tsayawa ina kallon wani bawan Allah da ya zo kawo mana takardun firinta, aka miƙa masa littafin ya rubuta sunansa. Sai ya ɗora yatsa a kan layin da ke sama da nasa, ya yi murmushi, ya ce wa sakatariyarmu, "Ashe Hajiya ma tana zuwa nan? Ai maƙwabciyarmu ce." A gaban sunan nata kuwa an rubuta dalilin zuwa da manyan baƙaƙe. Ba mu sake ganin matar ba, kuma laifin namu ne. A maimakon littafin, a yi amfani da ƙananan takardu ɗai-ɗai waɗanda sakatariya ke karɓa ta jefa a durowa, ko kuma ita da kanta ta yi alama a jadawalin ranar.

A ɗakin jira ba a kiran suna da ƙarfi. Sakatariya ta taso ta matso kusa, ta ce, "Hajiya, bismillah, ana jiranki," ko "Malam, shigo daga ciki." Fuskar kwamfuta ta juya wa masu jira baya, firinta kuma ta koma inda baƙo ba zai kai hannu ba. Idan bangon ɗakin zama na falanki ne, kamar yadda yake a yawancin ofisoshin haya, a matsar da benci nesa da shi, a kunna fanka ko rediyo a hankali domin sauti ya rufe maganar ciki. Inda hali ya yi, a ware wa mata gefensu na zama.

Akwai kuma masu kira ko zuwa su tambaya ko wance ta zo. Amsa ɗaya ce ga kowa, ko miji ne ko uba, kuma a koya wa sakatariya ita har ta zauna a bakinta: "Alhaji, ka yi haƙuri, ƙa'idar wurin nan ba ma faɗin wanda ya zo ko wanda bai zo ba."

Mataki na 4: Tsara jadawalin da ya san Legas

Jadawalin da aka kwafo daga littafi, wanda ke jera mutane awa bayan awa daga takwas zuwa biyar, ba ya kai hantsi bai rushe ba a garin nan. Zaman shawara yakan ɗauki minti 45 zuwa 50, sai a ƙara minti 15 domin mai ba da shawara ya rubuta bayaninsa tun bai manta ba, ya sha ruwa, ya kuma ba wanda ya fita damar yin nisa kafin na gaba ya shigo. A bar gurbi ɗaya babu kowa da safe, ɗaya da rana, domin wanda gosulo ya riƙe ko wanda ya zo cikin gaggawa. Lokacin ba da rana, sakatariya ta tambayi mutum daga ina zai taso: wanda ke unguwar ya ɗauki zaman farko, wanda zai tsallako daga Obalende ko Apapa a ba shi tsakiyar rana. Jirgin ƙasan Red Line da ke bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo ya sauƙaƙa wa wasu, amma yana da lokutan tashinsa, don haka a tambaya kafin a tsayar da ƙarfe.

A toshe lokutan azahar da la'asar a cikin jadawalin tun farko, a rufe daga hantsin Juma'a zuwa bayan an sauko, a kuma rage yawan zama a watan azumi tare da mayar da su safiya. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ke cika tituna, a sa ran wasu ba za su iso ba, a tanadi yin zaman ta waya ga wanda ya amince kuma yake da wurin da zai keɓe.

Jadawali ɗaya tak ake riƙewa, kuma mutum ɗaya ke da ikon rubutu a cikinsa. Rikicin ba mutum biyu lokaci ɗaya kusan kullum daga nan yake tasowa: mai ba da shawara ya yi wa wani alkawari a bakin masallaci, bai faɗa wa sakatariya ba. Idan an koma amfani da Google Calendar, wanda ya wadatar da ƙaramar cibiya, a buɗe wa kowane mai ba da shawara kalandarsa da launinta, kuma lamba kawai za a rubuta, ban da suna, ban da dalili. Kowace yamma a buga jadawalin gobe a takarda, saboda intanet ba ta da alkawari.

Mataki na 5: Mallaki wayar ofis, a kuma yi wa WhatsApp ƙa'ida

Ta waya ne sirri ya fi zuba, fiye da kwamfuta nesa ba kusa ba. Cibiya ta sayi wayarta da layinta, wayar ta kwana a ofis cikin durowa, kuma ma'aikata su daina ba masu neman shawara lambobinsu na gida. Tunda kowane layi yanzu a haɗe yake da lambar NIN ta wani mutum, a yi rajistar layin ta hanyar da kamfanonin waya suka tanadar wa ƙungiyoyi, ko aƙalla da sunan wani daga cikin amintattun cibiyar, domin kada sakatariya ta bar aiki ta tafi da layin da kowa ya sani. A cikin wayar, da lamba ake ajiye mutane, kamar yadda yake a fayil.

A sa WhatsApp Business, a rubuta lokutan aiki da saƙon da ke amsawa da kansa bayan an tashi, wanda zai faɗi cewa ba a duba wannan layi da dare, ya kuma ba da lambar gaggawa. A kunna matakin tsaro na biyu mai lambobi shida, a gargaɗi duk mai riƙe wayar cewa lambar da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga ƙungiyar malamai yake ko daga kamfanin waya, domin da wannan dabarar ake ƙwace asusun mutane. Ajiyar hirarraki da ke tafiya Google Drive ba ta samun cikakken kulle sai an shiga saituna an kunna shi da hannu. Kada a taɓa tara masu neman shawara a zaure ɗaya na WhatsApp, tunda kowa zai ga lambar kowa, wani ma har da hotonsa.

Tunatarwar ranar zama tana rage yawan masu mantawa, amma tana da haɗarinta. Wata rana mun tura wa wata baiwar Allah saƙo mai ɗauke da sunan cibiya da kalmar "shawarar aure". Ashe wayar a hannun mijinta take kwana, shi kuma bai san tana zuwa ba. Washegari ya iso ofis ransa a ɓace, kuma sai da babban mai ba da shawararmu ya shafe fiye da awa yana ba shi baki. Tun daga ranar muka ƙara tambayoyi uku a fom ɗin farko: wayar taki ce ke kaɗai, kina son a tuna miki ta kira ko ta saƙo ko kada a tuna miki sam, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa a kira. Saƙon kansa ya koma gajere, ba ya ambaton cibiya: "Assalamu alaikum, ana tuna miki alkawarin gobe Talata, ƙarfe 11." Ga wanda ba ya karatu, saƙon murya mai irin waɗannan kalmomi ya isa. Idan mutum ya fara zuba damuwarsa ta saƙon murya, sakatariya ta dakatar da shi cikin ladabi ta ba shi rana, sannan ta goge saƙon, domin sauraron wannan ba aikinta ba ne.

Mataki na 6: Wuta kafin kwamfuta

A fara sanin rukunin da layin wutar ofis yake. Tun Afrilun 2024 waɗanda ke rukunin Band A suna biyan kuɗi mai tsada bisa alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, sauran rukunoni kuma ƙasa da haka, ko ofis yana ƙarƙashin Ikeja Electric ne ko kamfanin Eko. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kunna janareta yini guda ya fi ƙarfin ƙaramar cibiya, ga kuma ƙararsa da ke sa mutane ɗaga murya a cikin ɗakin da ya kamata a yi magana ƙasa-ƙasa. Mafita mafi sauƙi ita ce a zaɓi kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir a maimakon ta tebur, a sayi ƙaramar inbata da batir da za su ɗauki fitilu, fankoki, na'urar intanet da cajin waya, a ƙara faifan sola idan kuɗi ya samu. Firinta mai amfani da garin tawada tana jan wuta da yawa lokacin bugawa, don haka a tara bugu a yi shi lokacin da aka kawo wuta. Kowace na'ura ta bi ta abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Mataki na 7: Saita kwamfuta da zaɓen manhaja

Kwamfuta ɗaya ko biyu sun ishi cibiya mai masu ba da shawara uku zuwa biyar. Idan ta hannu za a saya, a tabbatar tana iya ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke kasuwa ba sa hawa sabon. A guji manhajar sata da masu gyara ke ɗorawa kyauta, tunda ta nan cututtukan kwamfuta suka fi shigowa. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa a kan kwamfutar, mai tsawo, ba sunan ɗansa ko shekarar haihuwarsa ba, kuma kada a manna ta a jikin tebur. A saita fuskar ta kulle kanta bayan minti biyu ko uku, a kuma kunna BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle duk bayanan da ke cikin kwamfuta, ko makamancinsa, domin idan an sace kwamfutar ɓarawo ya sami ƙarfe kawai. Imel da ma'ajiyar intanet su kasance da sunan cibiya, da matakin tsaro na biyu.

Game da manhaja, ra'ayina shi ne a fara da Excel ko Google Sheets. Shafi ɗaya mai ginshiƙai kaɗan ya isa: lamba, ranar zuwan farko, jinsi, rukunin shekaru, nau'in matsala a dunƙule, mai ba da shawara, yawan zama, da matsayin fayil, ko a buɗe yake ko an rufe ko an tura wani wuri. Bayanan zama kuwa, babu laifi su ci gaba da zama a takarda cikin kabad mai makulli, matuƙar an ɗaga shi daga ƙasa saboda ambaliya da laimar Legas da ke sa takarda ta yi fumfuna. Masu tallan manhajar kula da cibiyoyi za su zo da zaƙin baki, kuma wasu manhajojin suna da kyau, amma kafin a sa hannu a tambaye su a wace ƙasa bayanan za su zauna, wa ke iya buɗe su a kamfanin, da naira ake biya ko da dala, kuma idan an fasa hulɗa ta yaya za a kwashe bayanan gaba ɗaya. Wanda ya kasa amsa waɗannan a rubuce, a sallame shi. Haka nan a hana ma'aikata kwafa bayanan zama su zuba a manhajojin ƙirƙirarriyar basira domin a taƙaita musu ko a fassara, domin yin haka miƙa sirrin mutum ne ga wani kamfani ba da izininsa ba.

Idan kwamfuta ta lalace za a kai ta gyara, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko wani wuri, a cire rumbun ajiyarta tukuna, ko ma'aikaci ya tsaya a kanta har a gama. Ba a barin ta ta kwana a shago, kuma ba a ba mai gyara kalmar sirri.

Mataki na 8: Ajiye kwafi, a kuma gwada shi

Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A aikace, wannan na nufin ainihin fayil a kwamfuta, kwafi a rumbun ajiya na waje mai kulle wanda ake sabuntawa duk Alhamis kafin a tashi, da kwafi a ma'ajiyar intanet ta cibiya. A rubuta sunan wanda aikin ya rataya a wuyansa, domin aikin kowa ba na kowa ba ne. Sau ɗaya a wata a ɗauko rumbun, a buɗe fayil ɗaya daga ciki a ga ko yana buɗuwa. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana nan ba. Rajistar sunaye ta takarda ma tana buƙatar kwafi ɗaya a rufaffen ambulan a wurin shugaban cibiya.

Mataki na 9: Tsabtace harkar kuɗi

Asusun banki ya kasance da sunan cibiya kamar yadda aka yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma kada kuɗin zama ya bi ta asusun ma'aikaci ko da na minti biyar ne. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa amfanin na'urar POS da tiransifa, sai dai ba a dogara da alat ɗin da mutum ya nuna a wayarsa. A duba asusun cibiya a ga kuɗin ya shiga. Rasit ya zama mai lamba a jere da kwafi, a rubuta lambar fayil a maimakon suna. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke daidaita lissafi a ƙarshen mako daban. Idan cibiya tana rage wa marasa hali ko tana yafe musu, a rubuta ƙa'idar da wanda ke da ikon amincewa, a kuma yi maganar a cikin ɗaki, domin babu magidancin da zai so a ji yana roƙon ragi a gaban mutane.

Mataki na 10: Tanadi takardar gaggawa da ta turawa

Wata rana wani zai zo da abin da ya fi ƙarfin shawara, kamar mai maganar kashe kansa, ko matar da aka yi wa duka, ko saurayin da ƙwaya ta juya wa tunani. A ranar ba a neman lamba a intanet. A manna takarda ɗaya a cikin durowar sakatariya da ɗakin kowane mai ba da shawara, mai ɗauke da lambobin gaggawa na jihar Legas, 112 da 767, da hanyar tuntuɓar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe. A rubuta wa zai kira, wa zai zauna da mutumin kada a bar shi shi kaɗai, wa zai nemo mota. Duk wata uku a kira lambobin a tabbatar suna aiki. A shirya fom ɗin turawa da Turanci, gajere, kuma idan mutumin ba ya jin Turanci ko Yarbanci a rubuta haka a sama, a nema masa ɗan rakiyar da shi da kansa ya yarda da shi.

Mataki na 11: Horo, bita, da ranar da wani zai bar aiki

Duk wanda ke shiga ofis da sunan aiki, daga shugaba zuwa mai shara da ɗalibin da ya zo koyon aiki, ya sa hannu a takardar riƙe sirri bayan an karanta masa ita. Horon na'ura kuwa ya fi shiga idan aka yi shi kaɗan-kaɗan, rabin awa a mako kan abu ɗaya, kowa da hannunsa a kan kwamfutar, maimakon taron yini guda da za a manta kafin Litinin. Dattijon mai ba da shawara da ya fi sakewa da biro, a bar shi da bironsa, a koya masa duba kalanda kawai. A ƙarshen kowane wata a fitar da alƙaluma huɗu daga shafin Excel: sababbin zuwa, waɗanda aka ba rana ba su zo ba, kwanakin da mutum ke jira kafin zaman farko, da fayilolin da aka rufe. Idan masu ƙin zuwa sun taru a rana ɗaya ko lokaci ɗaya, jadawali ne ke da gyara.

A kuma rubuta abin da za a yi idan bayanai suka fita, kamar a sace waya ko fayil ya ɓace. A sanar da shugaba nan take, a sauya kalmomin sirri, a toshe layin, a tantance waɗanda abin ya shafa. Dokar 2023 ta ce idan fitar bayanan na iya cutar da masu su, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Ma'aikacin da ya kawo rahoton kuskurensa da wuri kada a wulaƙanta shi, in ba haka ba na gaba zai ɓoye.

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a karɓi makullai, a rufe asusunsa na kwamfuta da imel, a sauya kalmomin sirrin da ya sani, a duba wayar ofis a cire duk kwamfutar da aka haɗa da WhatsApp ɗinta, sannan mai ba da shawarar da zai gaje shi ya karɓi fayiloli ɗaya bayan ɗaya a rubuce.

Tsofaffin takardu kuma suna da ƙa'idarsu. Fayil ɗin da wa'adin ajiyarsa ya cika, da fom ɗin da aka ɓata, da jadawalin jiya da aka buga, ba a zuba su a kwandon shara, kuma ba a haɗa su da tsofaffin jaridun da masu tsire da masu ƙosai ke saya domin naɗe kaya. A tara su a akwati mai makulli, duk ƙarshen wata a yayyanka su da injin yanka takarda ko a ƙone su a gaban mutum biyu, a rubuta lambobin fayilolin da aka lalata da kwanan wata a cikin rajista, su biyun su sa hannu.